Ruwan da Baffa Sule Ya Ɗebo

A gidanmu na Ƙofar Mata, in mutum ya kawo labarin da ya fi ƙarfin kunne, sai a ce masa, “Kai, wannan ruwan Hajara ne.” Kun taso kun ji ana faɗa, ku ma kuka ɗauka. Kwanan baya ma jikata Ummi ta faɗa wa ƙanenta haka a gabana, ba ta ko san cewa Hajarar nan ita ce tsohuwar da ke zaune a gefenta tana jan carbi ba. To, tunda sunana ya zama mudun auna ƙarya a gidan nan, gara in faɗi yadda abin ya faru tun ina da sauran haƙoran faɗa. Ban ce ban taɓa ƙara gishiri a magana ba. Na ƙara, har da barkono da daddawa. Amma a kan ruwan nan ko ƙwayar gishiri ban sa ba.

Ni ba a cikin ganuwa aka haife ni ba. Babana ɗan marina ne, amma tun yana saurayi ya bar rini ya tafi barikin kuza, can cikin duwatsun ƙasar Jos, ya zama direban lori. A can ya auri Inna, Bafulatana ce da danginta ke kiwo a kan tsaunukan wurin. Ni ce 'yar farinsu, shi ya sa tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. “Ke” nake, in ta ji daɗi “ke yarinyar nan”, in na yi ɓarna “ke mai kunnen ƙashi”.

Ƙasar nan tamu duk tafkuna ne. Masu haƙar kuza in sun gama yashe wuri, sai su bar rami, ramin da za a jefa unguwar Sheshe gaba ɗaya a ciki har da jakunanta, a leƙa a rasa inda ta shiga. Damina ta zo ta cika shi. Ban da waɗannan, akwai madatsun da aka gina tsakanin dutse da dutse don tara ruwan wanke kuza. Mu yara kowanne mun sa masa suna. Akwai Kwanon Bature, mai katanga da ƙofar ƙarfe. Akwai Kunun Kanwa, wanda kullum a dame yake. Akwai Idon Saniya, ƙarami, baƙi, ba mai wasa da shi. Sai babbansu, Mai Shuɗi, wanda ke kwance a gindin wata farar gaɓa. A nan na koyi iyo, ni da ƙawata Ngozi, 'yar mai gyaran injin da ke zuƙe ruwa daga ramukan da ake aiki. Mukan ɗaure zani a ƙirji mu faɗa, mu fito haƙoranmu na kaɗa kalangu.

Ina cikin shekara ta goma sha huɗu ƙasa ta rikice. Wata safiya na je kiran Ngozi, na tarar da ƙofarsu a buɗe, tukunya a kan murhu, ba kowa. Mutanen kudu duk sun kwashe sun nufi gida, ban sake jin ɗuriyarta ba har yau. Ba a daɗe ba Baba ya ɗora ni a lori zuwa Kano. Inna tana da tsohon ciki, ba za ta iya hanyar ba, sai ta hau rugar danginta. Shi kuwa Baba, da yaƙin basasa ya ɓarke, sai ya shiga soja yana tuƙa musu mota. Kafin ya wuce ya biyo Kano, ya tsaya a zaure ya bar wa kakana, Malam Babba, magana ɗaya: kada yarinyar nan ta fita ganuwa sai ya dawo.

Ku da aka haifa a birni ba za ku gane ba. Ni da na saba in tsaya a ƙofar ɗaki in hango saniya a kan tsaunin da sai an yi wuni ana tafiya kafin a kai, sai ga ni a lungun da in na miƙa hannu biyu ina taɓa gidaje biyu. Ko'ina na juya katanga. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In aka ba ni daka, sai in gama kafin a juya baya, in haye soro. In aka sauko da ni daga soro, sai a same ni a kan katangar maƙwabta ina yi wa akuyarsu wa'azi. Ran da 'yan'uwana suka kai ni in ga Dala, suna ta cika baki a hanya, da muka isa na duba gabas na duba yamma na ce, “To ina dutsen?” Suka nuna. Na ce a wurinmu irin wannan guda uku ake haɗawa a ɗora tukunya. Har kududdufin bayan unguwa suka kai ni, wai ga ruwa. Na ce wannan ai kwaɗi ne suka yi alwala suka bar saura.

Ana nan wani mai fataucin shanu ya biyo da saƙon baka, cewa Inna ta sauka lafiya, an sami namiji. Tun daga ran nan abin da ke cikina ya zama ɗaya: in koma wurin Inna. Na sami Malam Babba a zaure yana gyaran alƙalami. Shi da ni akwai wasan jika da kaka, amarya yake ce mini.

“Malam, ina son in je in ga ƙanena.”

“Amarya, tun ba a yi nisa ba za ki yi mini yaji?”

“Ai ba ka ba ni kuɗin cefane, ga tsufa, ga rowa. Ka sake ni in tafi gidanmu.”

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Sa'an nan ya ajiye wuƙar ya ce, “Hajara, hanya duk sojoji ne. Ubanki ya ba ni amana. Ba inda za ki.”

Tunda ƙafa ba ta da izinin tafiya, sai baki ya karɓi aikin. Kullum in mata sun taru a tsakar gida ana sussuka ko tankaɗe, ni ce rediyonsu. Na gaya musu sanyin ƙasarmu kan sa sallama ta daskare a bakin mutum da asuba, sai hantsi ya dubi ludayi a ji ta faɗo a tsakar gida, a amsa. Na ce kifin Kwanon Bature sai an yi masa sirdi. Na ce akwai tsaunin da in kaza ta yi ƙwai a kansa, kafin ya gangaro ƙasa ya zama zakara har ya yi cara. Su yi ta dariya suna riƙe ciki, ni kuwa in na gama sai in ji kamar an ƙara mini yunwa. Rannan, ba don dariya ba, don dai kewa ta ishe ni, na ce musu akwai wani tafki da ruwansa shuɗi ne, shuɗi kamar sabon turkuɗi, tun daga wannan gaɓa har waccan. Matan suka ce, “Hajara ke nan!” suka ci gaba da tankaɗe. Amma akwai mai saurare a bakin ƙofar shigifa, da kwanon tuwo a hannu.

Baffa Sule ke nan, ƙanen Baba, marini. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwa, ko ranar Idi ba sa fita. Mutumin kirki ne, sai dai kansa kullum cike yake da dabarar da za ta sa ya huta. A shekarar nan kuwa rini ya shiga uku. Garin shuni na kanti da ke zuwa ta teku ya ɗauke saboda yaƙi, ganyen baba na rini da ake kawowa daga ƙauye kowa ya koma kansa, sai mai hanya ke samu. A gidanmu kalmar baba abu biyu take nufi, kuma a shekarar duk biyun sun yi mana wuyar gani. Ramin rinin Baffa ya mutu, ya zama ruwan toka mai wari, ya yi ta juya shi da sanda kamar mai tashin gawa. Sai ya yafuto ni.

“'Yata, zo nan. Ruwan nan da kika ce, wa ke zuba masa baba?”

“Ba kowa, Baffa. Haka Allah ya yi shi.”

“Kul! Ban da irin ta zakaran nan mai gangarowa.”

“Wallahi Baffa wannan gaskiya ce.”

“Kin taɓa tsoma farin ƙyalle a ciki?”

“Ina na ga farin ƙyalle? Duk zannuwana turkuɗi ne.”

Ya sosa gemu, har ya bar masa shuɗi. “To jikinku fa? In kun yi wanka kun fito, ba ya kama ku?”

Na tuna yadda ni da Ngozi mukan fito muna nuna juna muna dariya. Na ce, “Leɓunanmu dai kan yi shuɗi. Da farce.”

Baffa ya ajiye kwanon tuwo a ƙasa a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. “Leɓe da farce,” in ji shi. “Ruwan da ya kama farce, me zai hana shi kama zare?”

Ku lura da kyau, ku masu cewa ruwan Hajara. A cikin amsoshin nan wace ce ƙarya? Ruwa shuɗi ne. Ba mai zuba masa kome. Leɓe na yin shuɗi. Bai tambaye ni ko sanyi ne ke sa haka ba, ni kuma a lokacin ban zauna na yi lissafin dalili ba. Abin da na gani kawai shi ne ƙofa ta buɗe, kuma ta fuskanci inda Inna take.

Baffa ya kwana biyu yana bin Malam Babba kamar kaza da mai tsaba. Ya ce rami ne Allah ya haɗa da kansa, ba toka, ba juyi, ba jira. Ya ce in abin ya tabbata, duk marinan Ƙofar Mata sai sun zo gaishe shi da safe. Ya ce shi bai san hanya ba, dole sai da yarinya. Malam Babba ya ce shi a karatunsa bai ci karo da tafkin rini ba, amma kuma bai ci karo da inda aka ce babu ba. Daga ƙarshe ya gaji. Ya kira mu zaure, ya sa Baffa ya durƙusa.

“Sule, amanar ɗan'uwanka ce zan ba ka aro. Da ita za ka tafi, da ita za ka dawo. In ka shigo ƙofar nan ba ita, kada ka yi mini sallama.”

“Na ɗauka, Malam.”

Ni kuwa ina gefe ina kallon ƙasa kamar ta Allah. A raina na riga na gama shiri: in na taka tsaunin nan, ko da igiya ba mai sauko da ni.

Muka hau lorin 'yan gishiri, Baffa na rungume da garwa biyu wankakku da turmin farin yadi sabo ful. Tun daga Zariya shingen sojoji ya fara. A wani shinge wani soja mai jan ido ya ƙwanƙwasa garwar da bakin bindiga, ta yi ƙara.

“Malam, me ke ciki?”

“Ba kome, ranka ya daɗe. Ɗebowa za mu yi.”

“Ɗebo me?”

“Ruwa.”

“Daga ina kuke?”

“Kano.”

Sojan ya dubi Baffa, ya dubi shuɗayen hannuwansa, ya dube ni. Ya kira abokinsa ya ce, “Zo ka ji, yaƙi ya kai inda Kanawa ke zuwa Jos ɗiban ruwa.” Suka yi dariya suka ɗaga mana sanda. Baffa ya raɗa mini cewa gara haka, kada asiri ya tonu wani ya riga mu.

Da muka fara hawan duwatsu, iska ta sauya, na ji ƙirjina ya buɗe kamar an kwance mini ɗamara. Amma barikinmu na tarar ba shi ba ne. Tun da masu injin suka gudu ba wanda ya iya tayar da shi, ruwa ya cika ramin da ake aiki ya malalo. Layin gidajenmu na gangare ya nutse. Na hango rufin kwanon su Ngozi a ƙarƙashin ruwa, kifaye na shiga ta taga. Sabon tafki ne, ba yaron da ya rage da zai sa masa suna. Na tsaya ina kallo har Baffa ya taɓa ni da garwa. Direba ya ce zai sauke gishiri a kasuwar gaba, ya juyo bayan la'asar, wanda bai gani a bakin hanya ba ya kwana nan. Wata mai tallan nono ta gane ni, ta ce za ta hau ruga ta gaya wa Inna. Mu kuma muka bi ta bayan farar gaɓa.

Ba zan manta fuskar Baffa ba sa'ad da Mai Shuɗi ya bayyana. Rana na tsaka, ba iska, ruwan na kwance shuɗi shar kamar an shimfiɗa rawunan duniya duka a wuri ɗaya. Garwa ɗaya ta suɓuce masa ta gangara. Ya cire hula.

“Allahu Akbar! 'Yata, ki yafe mini. Wallahi har Zariya ina zaton ƙarya kike.”

Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya warware bakin yadin ya tsoma. Ya murza shi a cikin ruwa yadda suke yi, ya ɗago. Fari. Bai damu ba ko kaɗan, don ku sani, a rini ƙyalle ba ya fitowa da shuɗi, sai ya sha iska tukuna launin ke tasowa. Sai ya ɗaga shi sama da hannu biyu yana kaɗawa, yana jira. Ya jira. Ya juya shi ta ɗaya gefen. Ya hura masa iska da baki. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa. Na rantse yadin nan sai ƙara fari yake, don wanki yake sha. Ya kamfaci ruwan a tafin hannu ya kai kusa da ido. Garau, har zanen tafinsa ake gani. Ya dubi tafkin, shuɗi. Ya dubi ruwan da ke hannunsa, fari. Ya yi haka ya fi a ƙirga, kansa na sama na ƙasa kamar ƙadangare.

“Hajara.”

“Na'am, Baffa.”

“Ina shuɗin yake tafiya in an ɗebo?”

“Ni ma ban sani ba, Baffa. A ciki yake zama.”

Ya zauna daɓas a kan dutse. Ban taɓa ganin babban mutum ya tsufa a cikin ɗan lokaci haka ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Uwarki na zuwa ku gaisa. Lori na juyowa mu tafi.”

Sai ga Inna tana gangarowa, goye da jariri, ta rame, ta ƙara tsawo a idona. Na ruga na ƙanƙame ta. Ta ɗan dafa kaina sau ɗaya ta janye hannu, ta kau da fuska, don kunyar 'yar fari. Ta durƙusa nesa ta gaida Baffa, ta tambayi mutan gida, ta tambayi ko an ji labarin mai gidan. Sa'an nan ta kwanto jaririn ta miƙo mini. Yana da goshin Baba sak. Na sa hancina a wuyansa, warin nono da hayaƙin ruga, na ce a raina ba inda za ni.

“Baffa, ka gaida Malam. Ni na zo gida.”

“Ba ki ji abin da ya ce mini a zaure ba?”

“Na ji. Kai aka gaya wa, ba ni ba.”

“Ke,” in ji Inna a hankali, “ki bi baffanki. Nan ba kome sai yunwa da tsoro.”

“To mu ji yunwar tare.”

Baffa ya miƙe yana karkaɗe riga, ya ce ya riga ya yi asarar mutuncinsa yau, ba zai haɗa da sallamar ubansa ba, ko a garwa ne sai ya mai da ni Kano. Ya nufo ni. Na miƙa wa Inna jariri, na ɗaure zanina tamau a ƙirji, na haye gaɓa, na faɗa.

Na san abu ɗaya da zuciyata ta dogara da shi: Bakano da ruwa sai a buta. Na yi iyo har inda nake ganin Baffa kamar ɗan tsako, na juyo ina taka ruwa.

“Baffa! In ka isa ka zo ka sa ni a garwar!”

“Ke Hajara! Fito don ubanki!”

“Sai ka rantse za ka bar ni!”

“Ba zan rantse ba! Fito, aljanun wurin nan ba su san ki da girma ba!”

“Sun san ni, tare muka taso!”

Muka yi ta ciniki, shi a tudu ni a ruwa. Ya yi mini alkawarin awarwaro, na ƙi. Ya ce zai kawo ni da kansa bayan yaƙi, na ce yaƙin ya gaya masa ranar da zai ƙare? Ina ta baki, ban lura na daɗe ban shiga ruwan nan ba, kuma na manta cewa ko da can ni da Ngozi ba ma nisa da gaɓa. Ramin kuza ba shi da gindi, sanyinsa daga ƙasa yake tasowa. Sai na ji ƙafata ta dama ta ɗaure kamar an sa mata marin ƙarfe. Na buɗe baki in yi wata tsiyar, ruwa ya shiga. Na nutse na taso. Na hango Baffa ya faɗo cikin ruwa da rigarsa har ƙirji, yana dukan ruwa da hannu, ba ya gaba ba ya baya. Na sake nutsewa. Da na taso, sai na ji wata murya ta tsaga tafkin nan, ta bugi gaɓa ta dawo.

“Hajara! Hajara! Ki fito, zan bi ki! Wallahi zan bi ki Kano!”

Inna ce. Ban taɓa sanin haka sunana yake a bakinta ba. Na tattara abin da ya rage mini na yi ta jan ruwa da hannu, ƙafa ɗaya na biye da ni kamar ta aro. Baffa ya koma tudu ya fizgo turmin yadin nan, ya ƙulla dutse a bakinsa, ya wurgo. Na farko bai iso ba. Na biyu ya faɗo kusa, na cafke, na naɗa a hannu. Shi da Inna suka ja, jariri na tsala kuka a bayanta, har suka fito da ni kan tsakuwa kamar kifin da na ce ana yi wa sirdi.

Ina kwance ina amayar da ruwa, haƙora na kaɗawa, Baffa ya sunkuyo yana haki. Ya ƙura wa bakina ido. Ya kama hannuna ya duba farce. Ya dubi nasa jikin da ke rawar sanyi. Sai ya ce, “Oho. Ashe wannan ne shuɗin.” Ya fashe da dariya, yana yi hawaye na zuba, har ya kasa tsayuwa.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta lulluɓe ni da mayafinta, ta ce wa Baffa ya roƙi direba ya ɗan jira. Ta hau ruga. Ban san abin da ta gaya wa iyayenta ba, ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta sauko da ƙulli ɗaya da ƙwaryarta ta nono, idonta ja. Kafin mu bar wurin ta tsaya a kan gaɓa ta daɗe tana kallon ruwan, har direba ya yi ta danna ƙaho. Baffa kuwa sai da ya cika garwarsa biyu. Ya ce ramin rini ma sai ya kwana yake nuna, wa ya sani.

Kafin mu iso, labari ya riga ya gama marina, don Baffa da ya ce a rufa asiri shi ya gaya wa kowa kafin mu tashi. Muka tarar da ƙofar gida cike da masu shuɗin hannu. Aka kawo babbar tasa, Baffa ya buɗe garwa ya tuntsura. Ruwa garau, har da ɗan ƙaramin kifi yana zagaye. Wani tsoho ya leƙa ya ce, “Sule, wannan wane irin shuni ne?” Baffa ya share gumi ya ce, “Ruwan Hajara ne.” Dariyar da aka yi ran nan, na tabbata an ji ta a Ƙofar Ɗan Agundi. Ga asalin maganarku. Har ya rasu yara na bin sa da Baffa Mai Garwa, bai taɓa cewa ni na ja masa ba. Malam Babba bai ko dubi tasar ba. Ya dubi Inna da ke durƙushe a bakin zaure, ya karɓi jaririn ya yi masa addu'a, ya ce, “Sule, na aike ka da amana ɗaya ka dawo da uku. Shigo.”

Na sami abin da na nema, ku kuma ku ji abin da aka biya. Inna ba ta sake ganin tsaunukan nan ba. Baba ya dawo daga yaƙi da ƙafa ɗaya mai ciwo, tuƙi ya ƙare, zama ya kama mu a birni. Danginta suka yi ƙaura da shanunsu zuwa wani wuri, iyayenta suka rasu ba ta je ba. Matar da ta saba tafiyar wuni da ƙwarya a ka, ta ƙare a ɗakin da ƙofarsa ke kallon katanga. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta kuma sake kiran sunana ba, sau biyun nan ke nan har abada. Amma nakan gan ta da hantsi tsaye a tsakar gida, ta ɗaga kai tana kallon ɗan yankin sama da katangu suka bar mana, tana sauya ƙafa kamar mai jiran mota.

Baffa Sule ma ya gani. Da rini ya farfaɗo, ramin nasa ya tashi, sai ya ɗauki wata al'ada da ba wanda ya sa shi. Duk ran da ya ɗauraye turkuɗi, sai ya cika ƙwaryar nonon nan ta Inna da ruwan ɗaurayar, shuɗi shar, ya shigo da ita da kansa ya ajiye a ƙofar ɗakinta inda rana ke faɗowa. Ran farko ina wurin. Ya ja da baya ya ce, “Matar yaya, naku na can na kasa kawowa. Ga namu.”

Inna ta durƙusa ta leƙa. Ta daɗe, har ruwan ya daina motsi, sama ta kwanta a ciki.

“Bai kai ba,” in ji ta. Baffa ya sunkuya zai ɗauke, ta tare ƙwaryar da hannu. “A'a. Bar shi nan.”